Babi na Shida: Ba da Kowa Nake Ba

Duk wanda ya saba buɗe littattafan hikaya da ake bugawa a Kano tun tsakiyar shekarun 1980 ya san shafukansu na farko kamar yadda ya san hanyar gidansu. Za a fara da godiya ga Allah da salati ga Annabi, a sadaukar da littafin ga iyaye, a yi tukuici ga ƙawaye da makaranta, wani lokaci har da sunayen unguwanninsu. Daga nan sai gargaɗi: labarin nan ƙagagge ne, ba a yi shi don cin zarafin wani ko wata ba, in ya zo daidai da rayuwar wani to arashi aka samu. In kuma aka gayyaci marubuciyar gidan rediyo aka tambaye ta me ya sa ta rubuta shi, amsar ba ta cika wuce guda ba: don faɗakar da al'umma.

Ban ɗauki wannan amsa ƙarya ba. Akasarin masu faɗinta har zuciyarsu suke nufi. Amma rabin magana ce, kuma rabin da aka haɗiye shi ya fi nauyi. Mutum ba ya raba dare yana cika littafin rubutu mai shafi tamanin da biro, ya tara kuɗin ɗab'i da guminsa, ya bi 'yan kasuwa bashin kuɗin littafinsa wata da watanni, don kawai yana son ya faɗa wa jama'a cewa auren dole ba kyau. Wannan ko mai wa'azin bakin masallaci ya isar. Akwai abin da ke cin marubuci a rai wanda ba ya fita sai ta bakin wata Abu ko wata Rabi da ya ƙaga.

Makaranta sun daɗe da gane haka. A nan Goron Dutse, zamanin da hayar littafi ke tashe, 'yan mata kan aiki ƙannensu shago su karɓo na ɗaya, gobe na biyu, jibi na uku, littafi ya zaga gida biyar kafin ya koma hannun mai shago bangonsa ya yi laushi. In an gama, hirar da ake yi a tsakar gida ba ta salo ko jigo ba ce. Cewa ake yi, wallahi wannan labarinta ne, wanda bai ɗanɗana ba ba zai iya faɗinsa haka ba. Marubuciya tana cewa ba ita ba ce, makaranta suna cewa ita ce, kuma kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Wannan ja-in-ja ya girmi boko. Matar da aka ɓata wa rai a gidan miji ba ta tara mutane ta ce ga abin da aka yi mini. Tana bakin turmi ko kan dutsen niƙa za ta ɗauko waƙa, ta saka habaici a ciki, kishiya na ji, uwar miji na ji. In wata ta tanka, sai ta ce ni ba da kowa nake ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ta fitar da abin da ke ranta, ba ta kama sunan kowa ba, ba wanda zai kai ta gaban manya. Mai tatsuniya ma in ta kai ƙarshe Gizo take jingina wa ƙaryar, ta kakkaɓe hannunta. Al'ummar da mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda kunya ba za ta wayi gari ta haifi marubutan da za su tsaya gaban jama'a su ce ga ciwona ba. Abin da ta haifa shi ne gwanayen faɗin ciwo ta bayan labule.

Tun littattafan farko abin ya nuna kansa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka buga waɗanda suka yi nasara daga 1934. Cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin matashin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu. Masana sun nuna yadda ya ari tsarin littafin daga Maƙamatul Hariri, da yadda ya tsinto labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa. Wanda ya tsaya nan zai ce ba komai na Imam a ciki sai iya sarrafa harshe. To amma me ya sa ya raɗa wa tauraron labarin suna Alhaji Imam, ya kuma ce mutumin Kwantagora ne, alhali shi kansa a Kagara aka haife shi, cikin ƙasar Kwantagora ta wancan lokaci? Kuma me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? An kunyata malamin da ya rene shi a gaban Sarki, don ya ce akwai wani ruwa da zai warkar da ɗan Sarki, shi ne yaron ya shiga duniya don ya ɗebo ruwan ya wanke malamin daga wulaƙanci. Marubucin ɗan malami ne, daga gidan alƙalanci da karatun zaure, aka ɗauke shi aka kai shi Kwalejin Katsina neman wani irin ilimi da mutanen gida ke kallo a kaikaice. Karatuna ne wannan, ba maganar Imam ba, amma ina ganin saurayin da ya tafi nesa neman abin da zai dawo da shi ya ɗaga darajar gidan malamai ba baƙo ba ne ga wanda ya riƙe alƙalamin. Barkwancin Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji Imam a labarin, ya rufe wannan zaren har mai karatu ba ya lura da shi, kuma wataƙila haka marubucin ya so.

Hafsatu Abdulwahid, haifaffiyar Ƙofar Mata, ta matso kusa da fili. Littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta kafe sai ta auri wanda ba jinsinta ba. Marubuciyar ta bayyana cewa abin da ta gani a auren yayarta da wani Balarabe shi ya tsuma ta. Ba kanta ta nuna ba, ta nuna ɗaki na kusa da nata. Wannan hanya ce da marubuta mata da yawa suka bi bayanta: abin ya faru da wata 'yar'uwata, wata maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari. Sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai cikin labarai ɗari da mace ke ji a gidan biki da gidan suna, ɗaya ne ke hana ta barci har sai ta rubuta shi, kuma dalilin da ya sa wannan ɗin ne ba wani ba yana cikin rayuwarta ita.

Wadda ta fi kowa cire mayafin ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara goma sha uku, auren bai yi ƙarko ba, daga baya ta koma karatu ta ajin yaƙi da jahilci na manya. Ta sha faɗa cewa yanke mata karatu da aka yi shi ya sa take rubutu da Hausa ba da Turanci ba. Wato harshen littattafanta ma tabon abin da ya same ta ne. Ta fara da Budurwar Zuciya a 1987, sannan a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, kuma tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Chediyar 'Yangurasa.

A Wa Zai Auri Jahila? yarinya Abu ce aka cire daga makaranta, saurayin da aka tsara za ta aura ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ba sai an yi duba ba kafin a ga inda marubuciyar ta samo wannan. Littafin ya jawo mata suka mai zafi daga masu ganin ta taɓa ikon iyaye da al'ada. Amma ni abin da ya fi jan hankalina ba wuraren da labarin Abu ya yi daidai da na Balaraba ba ne. Wuraren da suka rabu ne. Abu ta tsere, ta yi karatu tun da sauran ƙuruciyarta, ta zama mace mai aiki da daraja, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna kallonta da idon girma. Marubuciyar ta ɗauki farkon rayuwarta kamar yadda yake, ta ba yarinyar shekarun da ita aka ƙwace mata. In akwai inda zuciyar mai littafin take bugawa da ƙarfi, to a nan ne. Abin da ya faru da mutum kowa a dangi ya sani. Abin da ya so ya faru, wanda bai taɓa faɗa wa ko mahaifiyarsa ba, shi ne sirrin, kuma ƙagaggen labari ne kaɗai ke da wurin ajiye shi.

Alhaki Kuykuyo Ne ya bi wata hanyar da ta fi ɗaci. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu daga bariki, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, ta tsaya da ƙafafunta. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi. Mai karatu yana jiran a bar Rabi ta sha iskar 'yancin da ta saya da wahala. Sai maza na dangi suka taru suka matsa mata ta karɓi mijin da ya wulaƙanta ta. Na ga mata da suka ajiye littafin cikin fushi a wannan gaɓa. Marubuciyar da ta iya buɗe wa Abu ƙofa, me ya hana ta buɗe wa Rabi? A ganina ta san bambancin yarinya da uwar 'ya'ya tara a Kano, ta san wace ce duniya za ta iya ƙyalewa ta tafi, wace ce ba za a ƙyale ba, kuma ba ta yarda ta yi wa mata ƙarya a kan wannan ba. A shekara guda ta fitar da littafin fata da littafin abin da ido ya gani. Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga shi a 2012, makaranta a can suka haɗu da Rabi ba tare da sun san komai game da wadda ta haife ta a takarda ba, kuma labarin ya tsaya da kansa. Wannan ma shaida ce cewa littafin ya fi tarihin mai shi faɗi.

Ba mu kaɗai ke wannan ɓuya ba. Ɗaha Husaini na Masar, da ya tashi ba da labarin ƙuruciyarsa da makantarsa a Al-Ayyam, bai ce ni ba, yaron ya riƙa cewa, kamar yana ba da labarin ɗan maƙwabta. Buchi Emecheta kuwa, wadda mijinta ya ƙona rubutunta na farko a Landan, ta saka wannan ƙunar a cikin ƙagaggen labarinta na 1974, ta kuma fito ta ce rayuwarta ce. A lokacin tana zaune a Ingila, nesa da surukai da 'yan unguwa. Marubuciyar da ke Goron Dutse ko Gwammaja ko Fagge gobe da safe za ta haɗu da dangin mijinta a gidan gaisuwa.

Wannan shi ne dalilin da ba na jin haushin gargaɗin shafin farko. Garkuwa ce, kuma masu riƙe ta sun san kibiyar da suke karewa. Namiji zai iya rubuta rayuwar bariki, kamar yadda Ibrahim Sheme ya yi a 'Yartsana, a yaba masa da zurfin bincike. Mace in ta kwatanta ɗakin karuwa da kyau, tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina ta sani. In ta rubuta mugun miji, a ce da mijinta take. In ta rubuta soyayya mai zafi, a ce wani take so a waje. Akwai matan da saboda haka suke sa sunan miji ko na ɗa a bangon littafi a maimakon nasu, akwai waɗanda aure ya raba su da alƙalami ɗungurungum. Mai karatun da ke bin littafi da fitila yana neman wa ake nufi yana zaton kusantar marubuciya yake yi, alhali shi ne ke sa ta ƙara ja da baya.

Sai kuma hukuma. Tun shekarun 1990 masana ke musu a jaridu kan waɗannan littattafai, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Wannan musun alƙalami ne, ba ya kai kowa kurkuku. A 2007 abin ya sauya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Hukumar tace finafinai da ɗab'i, a hannun Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista, su kuma kawo rubutunsu a duba. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya, aka kawo shi gidan yarin nan na Goron Dutse. Shi ɗan fim ne, amma duk mai rubutu a Kano ya ji saƙon. A irin wannan yanayi, marubucin da aka tambaya ma'anar littafinsa ba zai ce na rubuta ne don in huce takaicin abin da mahaifina ya yi wa mahaifiyata ba. Zai ce faɗakarwa, domin ita ce kalmar da ke buɗe ƙofar ofis ta kuma rufe bakin mai zargi.

Abin da ke damuna shi ne garkuwar da aka daɗe ana riƙewa tana iya manne wa hannu. Marubuci ya yi ta maimaita cewa shi mai gyaran tarbiyya ne har ya yarda cewa iyakarsa ke nan, sai ya fara rubutu daga darasi zuwa labari, ba daga abin da ke ƙona shi ba. Littattafan da ake yi a haka ana gane su: muguwa ta haukace a shafin ƙarshe, mai haƙuri ta auri mai kuɗi, kowa ya karɓi sakamakonsa cif-cif kamar rabon gado. Ba laifi a cikinsu, kuma ba rai. Waɗanda suka rayu shekara talatin a bakin mutane su ne waɗanda mai su ya zuba wani abu nasa da ba zai iya bayyanawa a rediyo ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali ne da Muhammad talaka. An rubuta irinsa kafin shi, an rubuta ɗaruruwa bayansa. Marubucin bai bi boko tun yana yaro ba, da karatun allo ya tashi, sai da ya girma ya shiga ajin manya na dare. Ba na cewa labarin soyayyarsa ya bayar. Ina cewa mutumin da ya san yadda ake auna darajar saurayi da abin da bai samu ba tun yana ƙarami zai rubuta Muhammad da wani irin sani da ba a koyo a littafi, kuma dubban samarin da suka ga kansu a cikin Muhammad wannan sanin suka shaƙa.

Akwai kuma abin da shi kansa marubucin ba ya gani sai daga baya. Wata marubuciya da muke unguwa ɗaya, wadda ta fara fitar da littafi tun tana budurwa, ta taɓa ce mini sai da ta haifi 'yarta ta fari ta sake karanta littattafanta na farko, ta lura cewa a cikinsu duka uwar tauraruwa ko ta rasu ko an sake ta tun yarinyar na goye. Ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa shirya haka ba. Ni a wurin kakata na tashi, ban ɗauka abin ya dame ni ba." Da an tambaye ta a lokacin da ta rubuta su, da ta ce jigonsu illar kishi ne, kuma da gaskiya ta faɗa iya saninta. Don haka ko marubuci ya buɗe baki ya faɗi ma'anar littafinsa, maganarsa shaida ce mai ƙarfi, amma shaidar ranar da aka tambaye shi ce.

Yau shagunan haya sun ja baya, labari ya koma waya. Marubuta na sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, makaranta na mayar da martani kafin a rubuta babi na gaba, wasu na roƙon kada a kashe wance, wasu na turo nasu labarin a ɓoye suna cewa Anti ki rubuta nawa amma ki canza suna. Sunan aro ya ba mata damar faɗin abin da iyayensu a rubutu ba su iya faɗa ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin sansanin 'yan gudun hijira, ta fito da ɗaruruwan gajerun labarai kan fyaɗe, saki, maraici da talauci, kuma duk wanda ya saurare su ya san da yawansu ba daga nesa aka hango su ba.

Marubutan da suka buɗe wannan hanya a shekarun 1980 da 1990 yanzu sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. An yi hira da su sau da yawa, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaushe kika fara, littafi nawa kika rubuta, wane saƙo gare ki ga matasa. Ɗaliban Jami'ar Bayero da ke rubuta kundin digiri a kansu, da 'yan jaridar da ke gayyatarsu, suna da damar da ba za ta daɗe ba. Ba sai an tambayi dattijuwa ko ita ce a littafinta ba, wannan tambayar rashin ta-ido ce kuma amsarta a shirye take. A tambaye ta wane shafi ne ya fi ba ta wuyar rubutawa, wane ne ta yage ta sake, wace tauraruwa ce ta so ta ceta ta kasa. A tambayi Hajiya Balaraba ko ta taɓa rubuta wa Rabi wani ƙarshen dabam kafin ta tsaya a kan wanda muka karanta.